Daga Goron Gwanja zuwa Tiramol: Tarihin Abubuwan da ke Juya Hankali a Kurfai da Tondikandiya

Gabatarwa

Matafiyin da ya tashi daga Yamai ya nufi Filinge, tafiyar kimanin kilomita 180 a kan hanyar da ta bi ta Baleyara da ƙasar Tondikandiya da Bonkuku, in ya sauka a wata tasha ya dubi kayan mai tebur da idon basira, zai tarar da tarihin shekaru ɗari biyar a shimfiɗe gabansa. Ga goro lulluɓe cikin jiƙaƙƙen algarara, ga ƙullin garin taba da gutsuren kanwa, ga kwalin ganyen shayi da sukari, ga sigari ana sayarwa kara-kara. Akwai kuma hajar da ba a cika baza ta a fili ba, sai wanda ya san sunanta ya tambaya a hankali, a zaro masa daga aljihu. Waɗannan kaya duka, na fili da na ɓoye, aikinsu ɗaya ne a asali: suna shiga jini, su haura zuwa ƙwaƙwalwa, su sauya yadda mutum yake ji da yadda yake tunani da abin da yake aikatawa. Inda suka bambanta shi ne ƙarfi, da kuma irin shingen da al'umma ta kewaye kowannensu da shi.

Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan abubuwa a kwarin Dallol Boso, inda Kurfayawa da Sudiye, da Zabarmawan Tondikandiya, da Abzinawan Imanan da Tagazar, da Fulani makiyaya suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Manufarta ita ce a gane ta wace hanya kowane abu ya shigo, me yake yi wa kai, kuma me ya sa na baya-bayan nan ya fi ƙarfin dabarun da kakanni suka bari. Magana ce da ta shafi malamin makaranta kai tsaye, domin yaron da ke gyangyaɗi a ƙarshen aji, ko wanda ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure a filin ƙwallo, a gaban malami abin yake faruwa.

Fadar da ke cikin kai

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyar 86, kuma ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace ɗaya da maƙwabciyarta akwai ƴar rata da ido ba ya gani. Saƙo yana gudu cikin jijiya kamar lantarki, amma in ya iso bakin ratar, sai jijiyar ta saki wani sinadari ya ƙetare, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar da aka tanada dominsa a jikin jijiya ta gaba. Otto Loewi ne ya tabbatar da haka a 1921 a birnin Graz na Ostiriya, da zukatan kwaɗi biyu: ya tsokani jijiyar zuciya ta farko har bugunta ya ragu, sa'an nan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage bugu. Ashe ruwan na ɗauke da ɗan aike, wanda daga baya aka gane asetilkolin ne.

Ana iya kwatanta al'amarin da fadar sarki, inda kowane ɗan aike yake da ƙofarsa da saƙonsa. Dopamin yana kai albishir cewa abin da aka yi yana da daɗi, a sake. GABA yana cewa a sassauta. Adenosin yana taruwa tun safe har dare yana shelar gajiya. Endorfin yana kwantar da zafin ciwo. Abin maye baƙo ne da ya kutsa wannan fada, kuma ta hanyoyi uku yake ɓarna. Wani sojan gona ne, yakan sa rigar ɗan aike a buɗe masa ƙofa. Wani yakan tsaya a bakin ƙofa ya hana mai saƙon gaskiya shiga. Wani kuma yakan hana ɗan aike komawa gida bayan ya isar da saƙo, sai ya yi ta nanata shi har fada ta ruɗe.

A 1954, a jami'ar McGill ta Kanada, James Olds da Peter Milner suka sa wa ɓeraye siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwa, suka ba su abin dannawa da ke aika ɗan lantarki wurin. Ɓerayen suka riƙa dannawa sau ɗaruruwa a cikin awa guda. Wannan sashe, da ake kira hanyar lada, an halicce shi ne domin abinci da ruwa da zumunci, kuma kusan duk abin da ke sa jaraba yana ƙara kwararar dopamin a cikinsa. Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta son a fi ƙarfinta. In aka dame ta da saƙo ɗaya kullum, sai ta rage ƙofofin karɓarsa, shi ya sa ƙwaya ɗaya da ta isa bara ba ta isa bana. In kuma aka yanke abin farat ɗaya, jiki ya rikice da ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci da ƙunci. Abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa sabo turken wawa, yana da gurbinsa a cikin jijiya. Bugu da ƙari, sashen goshi, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, don haka matashi ya fi kowa saurin kamuwa.

Goro, taba da kanwar Dallol

Goro ba ya tsira a Sahel. Daga dazuzzukan Asante yake fitowa, a tara shi a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, fatake su ɗauko shi a kan jakuna, tafiyar watanni, ƙarƙashin jagorancin madugu. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15. Salaga ta ci gaba da zama cibiyar wannan fatauci har Ingilishi suka ci Asante da yaƙi a 1874, yaƙin basasa na 1892 kuma ya ƙarasa ta. Abin da fatake ke wahala dominsa shi ne kafeyin, wanda ya kai kimanin kashi 2 cikin ɗari na busasshen goro. Kafeyin yana cikin masu tare ƙofa: yakan zauna a gurbin adenosin, sai shelar gajiya ta kasa isa. Gajiyar tana nan, labarinta ne ba ya zuwa, kuma wannan ne ya sa matafiyi da mai sassabe da malami mai tashin dare suka riƙe shi aboki.

Abin lura shi ne yadda al'umma ta ɗaure goro da igiyar zumunci. Da shi ake neman aure, da shi ake ɗaura shi, da shi ake raɗa suna. Akwai goron gayyata, goron sallah da goron albishir. Tsadarsa ta sa ake fasa ɗaya a raba wa mutum uku ko huɗu, kuma yaro ba ya cinsa a gaban manya. Mai goro yakan ji ciwon kai ranar da ya rasa, wato shi ma yana da turkensa, amma turke ne gajere.

Taba kuwa daga Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 16. Da isowarta malamai suka rabu a kanta. Shehin Tumbutu, Ahmad Baba, ya rubuta fatawa a 1607 inda ya ga cewa ba ta gusar da hankali, saboda haka bai haramta ta ba, wasu kuma suka saɓa masa, muhawarar ta ɗauki ƙarnoni. Nikotin da ke cikinta sojan gona ne, yana shiga wasu ƙofofin asetilkolin ya sa a saki dopamin, kuma in an zuƙi hayaƙi yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Wannan sauri shi ne sirrin ƙarfin jarabarsa. A ƙasashen Hausa da Zabarma an fi sanin taba a gari, a cakuɗa ta da kanwa a dasa a baki, mata kuma su goge haƙora da furenta tare da goro. Kwarin Dallol Boso yana cikin wuraren da ake tafasa kanwa tun da daɗewa, kuma haɗin ba na banza ba ne: kanwa tana rage tsamin miyau, ta sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauƙi. Tsofaffin da suka gano wannan ba su san sunan sinadarin ba, amma harshensu ya gaya musu abin da ɗakin bincike ya tabbatar daga baya.

Giya da zaƙami

Kafin Musulunci ya game karkara, giyar dawa da ta gero tana da matsayi a tsakanin Arna da Maguzawa: ana dafa ta domin bukin girbi, domin gayya, domin zuba wa iskokin gida. Giya tana ƙarfafa saƙon GABA mai cewa a sassauta, kuma sashen goshi ne yake fara yin sanyi. Shi ya sa kunya take fara tafiya, surutu ya biyo, kana ƙafa ta fara tangaɗi. Shingenta na da shi ne lokaci, domin hatsi ba ya isa a dafa ta kullum. Musulunci ya zo da shinge mafi tsawo, kuma malamai suna karantar da cewa hanin ya sauka ne daki-daki, a surorin Baƙara da Nisa'i da Ma'ida, darasin da masu jinyar jaraba na yau za su iya amfana da shi. Turawa ma, a yarjejeniyar Birasels ta 1890, sun taƙaita shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba.

Zaƙami daban yake da duk waɗannan. Yana tsira a juji da kangon gida, da farin fure kamar kakaki da ƴaƴa masu ƙaya. Sunayensa kaɗai sun isa gargaɗi: haukata-yaro, babba-jibji, kamar yadda J. M. Dalziel ya tattara su a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. A Yamai kuma an fi saninsa da sobi-lobi. Sinadaransa, sikopolamin da atiropin, suna toshe ƙofofin asetilkolin, wato ɗan aiken nan na kwaɗin Loewi, wanda ke kula da miyau da bugun zuciya da tunawa. Wanda ya sha, bakinsa ya bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, jikinsa ya yi zafi ba zufa, ya riƙa tsintar abin da babu, yana hira da mutanen da ba su nan, kuma in ya farfaɗo ba ya tuna kome. Masu magani sun san shi, suna amfani da hayaƙin ganyensa ga mai asma, amma ilmin yana hannun ƙalilan. Haɗarinsa shi ne dafin ba ya da ma'auni: adadin ƴaƴan da ya bugar da wani jiya yana iya kashe wani yau, domin ƙarfinsa yana sauyawa daga tsiro zuwa tsiro.

Shekarar 1925: wani haukan dabam

Ba za a yi maganar juyewar hankali a Kurfai ba tare da an tsaya a 1925 ba. A wannan shekara, a garin Shikal kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan wasu iskoki da ba a taɓa gani ba a bori ko a holle na Zabarmawa. Iskokin ba na daji ko na ruwa ba ne: gwamna ne, da kwamandan, da kaftin, da soja mai gadi. Waɗanda suka hau kansu sukan yi fareti, su sara wa juna, su riƙe bindigar icce, su yi magana da gurɓataccen Faransanci, kumfa na fita bakinsu, su taɓa wuta ba su nuna jin zafi ba. Aka kira su Hauka, a wasu yankunan Hausa kuma Babule. Samari da ƴanmata suka bi su, a lokacin da haraji da aikin tilas suka yi wa talaka nauyi, kuma mutane da yawa ba su gamsu da ikon Gado Namalaya ba, wanda Faransawa suka ɗora bisa kanton Kurfai.

Kwamandan Yamai na lokacin, Croccichia, ya sa aka kamo su, kimanin mutum 60 a ruwayar Jean Rouch, aka tsare su, aka wulaƙanta su domin su yarda cewa iskokinsu ƙarya ne. Sakamakon ya zo akasin nufinsa. Shi kansa ya zama iska a cikin jerin Hauka, ana kiransa Korsasi ko Kwamandan Mugu, tafiyar kuma ta bazu zuwa Arewa da Adar, ta bi ƴan ci-rani har Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can ne, kusa da Akara, Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a 1954. Masanin tarihi Finn Fuglestad, a nazarinsa na 1975, ya fassara al'amarin a matsayin boren talakawa ga sabon tsarin sarauta da mulkin mallaka.

Me ya haɗa wannan da zancen abin maye? Abu biyu. Na farko, a bayanan masu bincike irin su Rouch da Paul Stoller, abin da ke kiran iska shi ne goge da kiɗan ƙwarya da kirari da rawa. Gilbert Rouget ma, a littafinsa na 1980 a kan kiɗa da hawan iska, ya nuna cewa kiɗan ba ya bugarwa kamar magani. Aikinsa shi ne ya tsara abin da jama'a suka riga suka koya kuma suke jira. Wannan ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tana iya sauya hali matuƙa ta hanyar imani da taro da tsammani, kuma masana magunguna sun yarda cewa ko abin da aka haɗiya, tasirinsa yana danganta da halin mai sha da wurin da ya sha. Hawan iska yana da farko da ƙarshe, da masu kula da wanda ya faɗi. Haukan zaƙami ba ya da ko ɗaya. Harshe ya ba su suna ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne.

Na biyu, Croccichia ya ga alamar ciwo ya ɗauka ita ce ciwon. Ya kulle masu kumfar baki, ya bar haraji da aikin tilas da suka sa kumfar. Kuskure ne da kowane zamani yake iya maimaitawa.

Hanyar Kurmi da zamanin ƙwaya

Neman kuɗin haraji, da yunwar 1931 da fara ta jawo a yammacin Nijar, sun mai da tafiya Kurmi al'ada ga samarin Dallol. An soke aikin tilas a 1946, amma ci-rani bai tsaya ba. Da Gana ta kori baƙi a 1969, aka karkata zuwa Abijan da Legas, daga baya Libiya. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara tura mutane. Aikin da ke jiran ɗan ci-rani aikin ƙarfi ne: dako, tura amalanke, haƙa, ga-ruwa. Jikin da ake haya da shi kullum ba ya da izinin gajiya, kuma a nan ne sababbin abubuwa suka sami ƙofa.

Tabar wiwi ta yaɗu a biranen gaɓar teku bayan yaƙin duniya na biyu, masana tarihi da dama kuma suna danganta hakan da sojojin da suka komo daga Indiya da Bama. Sinadarinta, THC, wanda aka gano siffarsa a 1964, yana shiga ƙofofin da ke daidaita tunawa da jin yunwa da auna lokaci, kuma yawan shanta tun ƙuruciya yana ƙara haɗarin taɓin hankali ga mai rauni a wannan fanni. Daga shekarun 1970 amfetamin, wanda aka ba sojoji a yaƙin duniya domin hana barci, ya shiga hannun direbobi da leburori da manoma a ƙasar Hausa. Shi yana tilasta wa jijiya ta zubar da dopamin da noradirenalin da ta tara, sai mutum ya yi aikin kwana biyu a yini ɗaya, kana ya biya bashin da faɗuwar gaba da zargin mutane da mutuwar jiki. Mai neman barci bayan haka sai ya koma ga diyazefam, mai bin hanyar GABA kamar giya. Yaran titi kuma suka sami sholisho na masu faci, wanda tururinsa ke lalata rigar kitsen da ke lulluɓe jijiyoyi. Tun daga nan kalmar ƙwaya, wadda da ake faɗa wa hatsi, ta sami sabuwar ma'ana, aka sami ɗan ƙwaya.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi ya yi tsalle, talaka ya koma ga mai tallar magani a faranti da bayan keke, wanda ba ya tambayar takardar likita. Ƙasar Nijar ta kafa dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ranar 23 ga Satumba 1999, amma kasuwar ta riga ta yi saiwa. A cikin waɗannan shekaru ne kuma, bayan samariya ta zamanin Seyni Kunce, ɗan Fandu a Tondikandiya, ta shuɗe, fada ta zama matattarar samari, ana zagaye butar shayi ana jiran aikin da bai zo ba.

Tiramol

Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa tiramadol a 1962, ya fara sayar da shi a 1977 da sunan Tramal, domin ciwo mai matsakaicin tsanani. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yana aiki ta fuska biyu. Hanta tana juya shi zuwa wani sinadari da ke shiga ƙofofin endorfin, kamar yadda mofin ke yi, sai zafin ciwo ya kwanta. A lokaci guda yana hana serotonin da noradirenalin komawa gida, sai mutum ya ji kuzari da sakin rai. Wato ƙwaya ɗaya ta haɗa abin da lebura yake nema: kada ya ji ciwo, kada ya ji gajiya, kada ya ji damuwa. Shi ya sa ya sami karɓuwa wurin ɗan kabu-kabu, da mai noma, da masu haƙar zinariya a Komabangu, da waɗanda suka ruga Jado bayan an gano zinariya a can a 2014.

Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce, kuma likitoci ba su wuce 400 a yini. Ta kasuwa kuwa, wadda akasari daga Indiya take zuwa ta tashoshin ruwan gaɓar teku, ana buga ta da 120 ko 200 ko 225. Biyu daga mai 225 sun riga sun haura iyakar yini. A wannan mataki yakan jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, in kuma an haɗa shi da giya ko diyazefam yana iya tsayar da numfashi. Hantar mutane ba ɗaya ba ce wajen saurin juya shi, saboda haka abin da aboki ya sha ya tashi lafiya ba hujja ba ce. Mai son bari kuma yana fuskantar azaba biyu a haɗe, ta jiki da ta rai.

Wani labari daga Kamaru ya nuna zurfin da abin ya yi. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun sami tiramadol a saiwar tafashiya, suka ɗauka itacen ne ke yin sa. A 2014 wata tawagar Jamus ta nuna cewa a arewacin Kamaru manoma suna sha, suna kuma ba shanun huɗa domin su jure aiki, fitsari ya kai shi cikin ƙasa, saiwa ta tsotsa. A ƙarshen 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ce abin da ake kamawa a shekara a Afirka kudu da Sahara ya tashi daga kilo 300 a 2013 zuwa fiye da tan 3. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 da suka sha magungunan wannan dangi ba bisa umurnin likita ba. A shekarar ce Indiya ta tsaurara dokar fitar da shi, Najeriya kuma ta hana maganin tari mai kodin. Ƴan kasuwa suka sauya haja: a 2025 binciken BBC ya bankaɗo ƙwayoyin da aka haɗa tapentadol da karisopirodol ana turo su Afirka ta Yamma, Indiya ta hana haɗin bayan haka.

Akwai wani gefen da bai kamata a manta ba. Tiramadol ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya suka ɗaure, kuma ɗaya daga dalilan shi ne a ƙasashe matalauta, inda mofin yake da wuyar samu, shi ne abin da ke hannun likita domin mai karaya da mai ciwon daji da mai amosanin jini. Hani na baki ɗaya zai hukunta majinyaci tare da mai fataucin.

Kammalawa

In aka jera waɗannan abubuwa, za a ga kowanne ya biyo hanyar zamaninsa: goro ya biyo ayari, taba ta biyo jirgin ruwa da raƙumi, wiwi da amfetamin suka biyo soja da ɗan ci-rani, tiramol ya biyo kwantena da babur. Na farkon sun zo a hankali, al'umma ta sami sararin yi musu ƙa'ida: wa zai ci, yaushe, a gaban wa. Na ƙarshen ya zo cikin shekaru kaɗan, da arha, ba wari, ba hayaƙi, sanye da rigar magani, a daidai lokacin da rashin tsaro ya rufe makarantu da yawa a jihar Tilaberi ya bar yara ba aji ba gona.

Aikin da ya rage wa malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne gina shingen da bai samu ginuwa ba. Yaro ya cancanci a bayyana masa, da Hausa da Zabarmanci, abin da ƙwaya take yi a cikin kansa, domin tsoratarwa kaɗai takan rushe ranar da ya ga abokinsa ya sha bai mutu ba. Ya kamata kowane malami ya san cewa wanda ya faɗi yana shure-shure ana kwantar da shi ne a gefensa, ba a cusa masa kome a baki, a gaggauta kai shi asibiti. Kuma wanda ya daɗe yana sha, a hannun likita ake rage masa sannu a hankali. Masu wasan kwaikwayo da mawaƙa da limamai da shugabannin fada suna da kunnen samari fiye da kowace takarda, ranar 26 ga Yuni kuma, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 1987, dama ce ta haɗa su wuri ɗaya. Mai fatauci aikin hukuma ne. Mai sha kuwa ɗan gida ne, kuma kafin a tambaye shi me ya sa yake sha, yana da kyau a tambayi nauyin kayan da yake ɗauka da awoyin da yake aiki, tambayar da kwamandan Yamai bai yi wa mutanen Shikal ba a 1925.